Ƙwanso Mai Koren Gindi

A unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira babu mai ce masa Malam, ko da yake karatu ne ya kawo shi Masar. Usta Badamasi ake ce masa, yadda Misirawa ke kiran mai sana'ar hannu idan ya ƙware. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, kunnensa na hagu ya daɗe da yin nauyi, shi ya sa idan kana masa magana yakan juyo maka da na dama, kamar mai jiran a gaya masa asiri. Ƙarƙashin faratansa akwai toka-tokar dalma wadda sabulu ya gaji ya ƙyale.

A Damagaram aka haife shi. Ya zo Alƙahira yana saurayi da niyyar ya koma gida da rawani, ya yi fama da nahawu, nahawu ya yi fama da shi, aka rabu ba tare da faɗa ba. Kunya ta hana shi komawa. Ya sami aikin shara a wani ƙaramin kulob na masu harbi don nishaɗi, can gefen hamada a gabashin gari, wanda kowa ke kira nadi kawai. Aikinsa shi ne ya bi bayan masu harbi da tsintsiya yana tara ƙwanson harsashin da suka zubar. Wani tsohon maƙeri ɗan Asyut, wanda ke kula da ɗakin makamai, ya lura cewa wannan baƙon ba ya zuba ƙwanso a bokiti sai ya juya shi a hannu ya leƙa cikinsa. Ya kira shi ciki. Da tsohon ya rasu, Badamasi ya gaji kujerarsa.

Ƙwanson da aka harba ba shara ba ne. Tagulla ce, ana iya sake cika ta sau da yawa kafin bakinta ya tsage. Badamasi yakan wanke shi, ya duba shi a hasken taga, ya sa shi a ƙaramin injin hannu ya mayar masa da siffarsa. Sai ya sa sabuwar kabsula a gindi, wato ɗan maɓallin da ke tayar da wuta, ya auna albarushi a sikeli, ya ɗora dalma a baki ya matse. Duk wannan a cikin ɗaki mai ƙofar ƙarfe, mabuɗinsa a hannun Kaftin Sharif, shugaban wurin, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙetare ƙofar nadi. A shekarar juyin juya hali, da tsoro ya shiga unguwanni, mutane sun yi ta tare shi a bakin masallaci suna masa raɗa a kunnen dama, wai ya sayar musu da harsashi. Yakan juya musu na hagu.

A nadi akwai al'ada: kowane mai harbi da gwangwaninsa, kuma ana ɗiga wa gindin ƙwansonsa jan farce, kowa da launinsa, don kada na wani ya shiga na wani. Akwai likita mai shuɗi, akwai tsohon alƙali mai fari. A kan kanta ta sama, inda sai an taka kujera, akwai gwangwanin madara guda da ba a saukewa. Ƙwanson cikinsa koren gindi ne.

Na Rahina ne, 'yarsa, ita kaɗai Allah ya ba su shi da matarsa Sabuwa. Da sikila aka haife ta. Tana 'yar shekara goma sha uku ta raka shi nadi wata ranar Alhamis, ta tsaya bayan gilashi tana kallo, ta ce, "Baba, ni ma zan harba." Ya ba ta libarba da harsashin kamfani. Bindiga ta naushi hannunta, wuyan hannun ya kumbura, ta kwana biyu tana kuka a ɓoye, Sabuwa kuma ta yi mako ba ta zuba masa ruwan wanka ba. Da kumburin ya sace, yarinyar ta ce, "Yaushe za mu koma?"

Sai ya zauna da sikelinsa. Ya riƙa rage albarushi kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da hannunsa, har ya kai inda bindiga ba ta naushi, sai dai ta ɗan tura tafin hannu kamar ɗan akuya na neman nono. Ya san akwai iyaka. Tsohon maƙerin ya sha gaya masa cewa harsashi mai ƙarfi da yawa kowa na tsoronsa, amma mai rauni da yawa shi ne mugu, domin dalmar kan maƙale a cikin bututu ba ta fita ba, mai harbi bai sani ba, ya sake jan kunama, na biyu ya tarar da na farko a hanya. Badamasi ya tsaya nesa da wannan iyaka. Rahina ta kawo jan farcenta, wanda kore ne, ta ɗiga wa ƙwansonta da kanta, harshenta a waje saboda ƙoƙari. Shekara uku suna zuwa duk Alhamis ɗin da jikinta ya yarda. Ba ta zama gwana ba. Takan huda takarda a gefe, ta juyo ta dube shi, ta yi dariya.

Ta rasu a bazarar 2011, lokacin da gari ke ta hayaniya da abin da ya dame shi. Ciwon ƙirji ne ya taso mata, bai ɗauki lokaci ba. Aka binne ta a Alƙahira. Bayan sadakar bakwai Badamasi ya koma aiki, ya taka kujera, ya ɗora gwangwanin a sama.

Alhaji Lawali Bakano ne, yana saro takalma da kayan kwalliya a kasuwar Ataba yana aikawa gida. Gajere ne mai tumbi da yawan dariya, waya biyu a aljihu, ɗaya a kunne. Matarsa Bahaushiyar Sudan ce daga unguwar Arba wa Nus, shi ya sa 'yarsu ta ci suna Awadiyya. Awadiyya sa'ar Rahina ce, tare suka yi makarantar allo a ƙasan wani bene. Ranar gaisuwar rasuwar ta zo ta zauna kusa da Sabuwa. Badamasi ya ga tsawon da ta yi, ya kawar da kai.

Shekara biyu bayan haka, wata Alhamis, sai ga Lawali a ƙofar ɗakin makamai, yarinyar a bayansa. Ta shiga jami'a, tana karatun haɗa magunguna.

"Usta, ga 'yarka na kawo maka," in ji Lawali. "Wai harbi take so. Na ce mata ta yi hankali, Badamagare ne zai koya mata. Su kakanninsu har igwa suka jawo zuwa ƙofar Kano, suka koma da abarsu."

"Tausayi muka ji," in ji Badamasi. "Wa zai ɓata albarushi a kan 'yan tireda?"

"Kin ji ko? Shekara talatin a Masar, bakin bai gyaru ba."

"Ina wuni, Baffa," in ji Awadiyya, ta ɗan rusuna.

Kaftin Sharif ya yi mata rajista, ya nuna mata tsayuwa da riƙo, ya ba ta harsashin kamfani. Ta harba ɗaya. Bindiga ta yi sama, idanunta suka rufe, ta ajiye ta a kan tebur ta riƙe wuyan hannunta da ɗaya hannun. Badamasi yana tsaye a baya. Bai san lokacin da ya koma ɗaki ya jawo kujera ba.

Sati na gaba ya miƙa mata harsashi shida masu koren gindi. Ta dube su a tafin hannunta, ta ɗan daɗe, sannan ta zuba su a ramukan libarba. Bindiga ta yi ƙara mai laushi, ta tura hannunta kaɗan. Ta huda takarda a gefe. Ta juyo tana dariya, amma ba shi ta duba ba. Ubanta ta duba, shi kuwa yana bayan jan layi, wayarsa a gaban fuska.

Daga nan Alhamis ta dawo wa Badamasi. Tun Talata yake fara shiri, ya wanke ƙwanso, ya goge kowanne da tsumma, ya auna albarushi sau biyu. Ranar Alhamis kuwa yakan sa farar riga. Daga nan kuma ya fara lura da Lawali, lura irin wadda ba ta barin mutum ya huta.

Ya lura yadda yarinyar ke riƙe hannun rigar ubanta idan za su tsallaka filin ajiye motoci, kamar ita ce babba. Ya lura yadda take cire masa zare daga kafaɗa tana magana, ba ta ma san ta yi ba. Bayan harbi sukan zauna a rumfar mai shayi su uku, Lawali ya kai cokali cikin sukari, ta ce, "Baba, ɗaya." Ya ce, "Ɗaya da rabi, don Allah, hajiya likita." Ta ce, "Ɗaya." Ya yi tsaki ya bi. Badamasi yakan zuba cokali uku a hankali, yana ƙwanƙwasa bakin kofi, babu mai hana shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne wayar. Mutum yana da 'ya mai rai, tana tsaye a gabansa tana huda takarda, shi kuwa idonsa na kan gilashin waya. A ransa yakan ce, da ni ne, ko ƙiftawa ba zan yi ba. Sai ya yi istigfari, sai kuma ya sake faɗa.

Sabuwa ba ta taɓa taka nadi ba, amma ta san farar riga. Wata safiyar Juma'a suna karyawa da ful, wato dafaffen wake, da burodi, ta ce, "Jiya uwar Awadiyya ta tare ni a kasuwa. Wai ta gode, kana yi wa 'yarta harsashi na musamman."

"Aikina ne."

"A cikin wane ƙwanso?"

Ya juyo mata da kunnen hagu.

"Kada ka yi mini wannan, Badamasi, ni ba 'yan bakin masallaci ba ce. Na Rahina ka sauke."

"Tagulla ce, Sabuwa. Idan ta zauna lalacewa take yi."

"Kayanta na ɗaki ko ɗankwali ban bayar ba sai da na tambaye ka." Ta tsoma burodi, ba ta kai baki ba. "Yarinyar nan tana da uba."

"Na ce ba ta da shi ne?"

"Ba ka ce ba. Riga kawai kake gogewa."

Ya jawo kwanon ful gabansa, ita ma ta kai burodin baki.

Hannun Awadiyya ya faɗa. Cikin shekara guda ramukanta suka baro gefe suka taru a tsakiya, har Kaftin Sharif ya fara tsayawa yana kallo. Wata Alhamis a farkon sanyin 2014 ya zo rumfar shayi ya ce akwai gasar cikin gida bayan 'yan watanni, yana so ya sa sunanta. Sharaɗi ɗaya ne: a gasa kowa da harsashin kamfani yake harbi, don kada a ce an fifita wani. Saboda haka ta fara sabawa da shi tun yanzu, kuma masu shirin gasa ranar Asabar suke zuwa, wurinsa.

Lawali ya buga cinya. "Tamam, ya Kaftin. Khalas, an gama. Usta, ka ji, an yaye ta."

Badamasi ya ji, da kunnen da ke ji da wanda ba ya ji. Idan ta koma harsashin kamfani, kwali za a ɓare a miƙa mata, kowa ma zai iya. Babu Talata, babu Alhamis, gwangwani ya koma sama.

"Ba ta kai ba," in ji shi.

"Kai, Usta, dubi takardar nan."

"Takarda ba ta nuna wuyan hannu. Ni na san hannunta. A ba ta lokaci."

Lawali ya dubi 'yarsa. Ta ce, "Abin da Baffa ya ce." Kaftin ya ɗaga kafaɗa, ya ce a riƙa gwada ta da na kamfani guda shida kowane mako, idan ta saba sai ta koma Asabar.

Talatar da ta biyo, Badamasi ya zauna gaban sikeli, ya zuba awon da ya saba, awon Rahina, wanda bai taɓa canzawa ba. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya sa bakin ƙaramin cokali ya ɗebe kaɗan. Bai gaya wa kansa dalili ba. Ya ce sanyi ne, hannu ya fi jin zafi a sanyi.

Ranar Alhamis ta harba nasa, suka fita kamar numfashi. Sannan ta harba na kamfani, bambancin ya zama kamar mari bayan shafa. Ta runtse ido, harsashi ya tafi gefe.

"Na Baffa sun fi daɗi," in ji ta.

Maganar ta raka shi har gida, ya shiga motar haya da ita, ya hau bene da ita. Sati na gaba ya ƙara ɗebewa. Na gaba ma haka. Duk lokacin da nasa suka ƙara laushi, na kamfani sai su ƙara mata nauyi, ita kuwa ta ƙara nisa da Asabar. Da can yakan gwada kowane sabon awo da hannunsa kafin ya ba wani. Yanzu ya daina, domin gwaji a filin harbi ake yi, kuma Kaftin zai ji ƙarar ya tambaya. Ya san iyakar tana nan kusa. Ya riƙa gaya wa kansa cewa shekara talatin sun isa mutum ya san inda take ba sai ya taka ta ba.

Ranar da abin ya faru akwai sanyi sosai, da hazo a kan hamada. Badamasi yakan tsaya bayan Awadiyya ta hagu, don kunnensa mai ji ya fuskanci bindiga. Ran nan Lawali ya riga shi tsayawa a wurin, yana neman inda hasken ya fi kyau. Badamasi bai iya cewa matsa ba. Ya koma dama, mataccen kunnensa ga bindiga, ga kuma abin toshe kunne a kai. Idonsa ma ba a kan bindigar yake ba. Yana kallon gyalen ulu da ke wuyan Lawali ne, wanda ya ga yarinyar ta naɗa masa da hannunta a bakin ƙofa.

Ta harba na farko, ta harba na biyu. A na uku bindigar ba ta motsa ba, amma harsashinsa sun daɗe da daina motsa bindiga. Awadiyya ta ja kan bindigar baya da babban yatsa, ta daidaita saiti, yatsarta ta koma kan kunama.

"Awadiyya, tsaya."

Muryar Lawali ce, ba da ƙarfi ba, amma irin muryar da yaro ya sani tun yana rarrafe. Yatsarta ta fita daga kunama nan take.

"Babu rami," in ji Lawali. "Biyu ne a takarda. Na ukun bai iso ba."

Sai a lokacin Badamasi ya gane, ya ce, "Kada ki harba," amma an riga an faɗa. Yarinyar ta riƙe bindigar tana fuskantar gaba yadda aka koya mata, ta waiwayo, ubanta ta duba.

Kaftin Sharif ya zo ya karɓi bindigar, ya kwantar da kanta a hankali, ya buɗe ta, ya zazzage sauran harsashin. Ya ɗaga bututun ga haske. Haske bai ratsa ba. Ya sa siririyar sandar tagulla ya buga da guduma, dalmar ta faɗo kan tebur ta gangara, ta tsaya jikin wayar Lawali. A gilashin wayar har yanzu takardar saiti ce, an jawo ta kusa ƙwarai, ramuka biyu a fili. Badamasi ya tsaya yana kallon wannan gilashi. Ashe abin da mutumin ke yi ke nan duk Alhamis: idonsa ba ya gani daga nesa, sai ya jawo takardar da waya yana bin ramukan 'yarsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ya Usta," in ji Kaftin, "kabsula ce ko albarushi?"

Da ya ce kabsula, da an yarda. "Albarushi," in ji shi. "Na rage fiye da kima."

Kaftin ya dube shi, ya ce ya kwance duk abin da ya cika a wannan watan, kuma daga yau babu harsashi mai laushi da zai fita daga ɗakin sai shi Kaftin ya harba shi da hannunsa. A gaban mutane ya faɗa. A shekara talatin ba a taɓa gwada aikin Badamasi ba.

Yana zaune a ɗaki yana kwance harsashin, yana juye albarushi a kwano, sai Lawali ya shigo ya rufe ƙofa. Bai zauna ba. Babu dariya a fuskarsa, kuma fuskar ba ta saba da haka ba.

"Da ta ja fa?"

"Bututun zai kumbura. Ko ya fashe."

"Hannunta fa?"

Badamasi ya juye albarushin wani harsashi a kwano.

"'Ya ɗaya gare ni, Usta."

"Na sani. Ni ma ɗaya ce gare ni."

Lawali ya sauke numfashi, ya jawo kujerar da ake takawa ya zauna. Ya ɗauki ƙwanso guda ya juya gindinsa sama.

"Ka san ta gane koren nan tun ranar farko? Tare suka sayi kwalbar, ita da marigayiya, a shagona. Ni na ba su ma, ban karɓi komai ba. Ranar da ka fara ba ta, a mota ta yi ta kuka har gida."

Hannun Badamasi ya tsaya.

"Tun bara take iya na kamfani. Na kai ta wani wuri a Iskandariya lokacin hutu, ta harba kwali guda, ko gezau. Na ce to mu gaya wa Kaftin. Ta ce, Baba, idan na koma Asabar, wa zai sa Baffa ya riƙa sauke gwangwanin nan? Na ce shi ke nan, mu bi shi a hankali." Ya ajiye ƙwanson. "Amma kwanan nan da gaske take runtse ido. Ka mayar mini da ita baya, Usta."

Badamasi ya ji wani abu ya taso masa, kuma ba godiya ba ce. Wato su biyu suna da maganarsu a mota, suna da shawararsu a kansa, suna tausaya masa tare. Har dariyar da ya ɗauka tasa ce, da "na Baffa sun fi daɗi", kyauta ce da uba da 'ya suka zauna suka yanke za su ba shi. Ya so ya ce ba ya bukata. Ya duba cikin ransa ya ga yana bukata, kuma wannan ya fi zafi.

"Ma'alish," in ji shi da ƙyar. "Ka yafe mini."

"Ni ban iya riƙo ba, ka sani. Uwarta ce ba za ta ji wannan labari ba, in ba haka ba ni da kai duk sai mun bar Masar." Lawali ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo. "Ashe dai gaskiya ne, Damagarawa ba ku iya sa abu ya fita daga bakin bindiga ba."

Badamasi ya ci gaba da kwance harsashin.

Da ya gama kwancewa, ya wanke ƙwanson, ya shanya, ya zuba a gwangwani, ya taka kujera. Da yamma ya gaya wa Sabuwa ya mayar da shi sama. Ba ta tambayi dalili ba. Ta ce, "Ka rufe shi da kyau?" Ya ce ya rufe.

Alhamis ta gaba shi da kansa ya ɓare kwalin kamfani ya miƙa wa Awadiyya. Ya tsaya ta hagu. Ta harba, bindiga ta yi sama, ta runtse ido. Ya ce, "Buɗe. Naushi ne kawai, ba ya kisa. Ki bar shi ya zo." Ta sake, ta sake. A na biyar idonta a buɗe yake, ramin ya fito kusa da baƙin tsakiya. Ta yi dariya ta juya wajen ubanta, uban ya ɗaga waya yana nuna mata. Badamasi ya sunkuya ya tattara ƙwanson da ta zazzage. Da ɗuminsu, gindinsu tas, babu launin kowa.

A rumfar shayi Lawali ya zaro leda daga aljihu ya juye a tebur. Kwalaben jan farce ne, launi-launi, daga shagonsa.

"Tunda an yaye ta, sai a yi mata gwangwaninta. Usta, wanne ba a ɗauka ba?"

Badamasi ya ware shuɗi da fari da ja gefe. Akwai kore a ciki, ya ga Awadiyya ta sa yatsa ta tura shi ƙarƙashin leda. Ta dubi sauran.

"Baba, zaɓa mini."

Lawali ya ɗauki ruwan ɗorawa, mai ƙyalli, irin wanda ake gani daga nesa.

"Launin 'yan tireda," in ji Badamasi.

"Shi ya fi fita a kasuwa."

Ta koma Asabar. A gasar ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta zo ta ƙarshe ba. Badamasi ya kalla daga ƙofar ɗakinsa, ya ga inda ta fara dubawa da aka kira sunanta. Zuwa 2015 karatu ya yi mata yawa, zuwanta nadi ya zama jefi-jefi. Idan ta zo takan leƙo ta gaishe shi, ta ajiye masa ƙwansonta a tebur ta ce, "Baffa, a cika mini na motsa hannu, amma masu ƙarfi." Yakan cika, Kaftin ya gwada, ya ɗiga wa kowanne ruwan ɗorawa daidai tsakiya, ɗigo ɗaya, ba ya zuba. Bai taɓa son launin ba.

Har yanzu ya fi kowa sanin ƙarar motar Lawali, duk da kunnen. Idan ta tsaya yakan je taga ya ga yarinyar ta fito ta zagayo ta riƙe hannun rigar ubanta, ya kalle su har su tsallaka fili. Sannan ya koma kujera, ya jawo kofin shayinsa, ya zuba sukari cokali uku.